Kada Kyan Zane Ya Hana Ku Duba Tebur

Ƙannena maza da mata, ina ganin yadda kuka duƙufa wajen koyon nazarin bayanai, wasunku ta shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuma ta bidiyon YouTube da datar tsakar dare, kuma abin yana faranta mini rai. Yau yaron da ya samu aron kwamfuta da wutar awa biyu zai iya zuba tebur mai layi dubu hamsin a cikin Power BI ko Tableau, ya ja wannan ginshiƙi ya ajiye nan, ya ja wancan ya ajiye can, kafin shayinsa ya huce allo ya cika da sanduna da taswirori masu launi. Ya danna jiha guda, sauran zane-zanen duk su juya su bi ta. Lokacin da William Playfair, mutumin Sikotilan, ya fito da zanen sanduna a littafinsa na 1786, sai da aka sassaƙa kowace sanda a jikin farantin tagulla kafin a buga. Ku kuwa yatsa ɗaya ya ishe ku.

To wannan sauƙin shi nake jiye muku. Manhaja ba ta san musu ba. Ku ba ta lambobin waya ku ce ta fitar da matsakaicinsu, za ta fitar, har ta yi masa ado. Wani lokacin ma ba sai kun sa ta ba: da ta ga ginshiƙin shekara ɗauke da 2021 da 2022 da 2023, sai ta tara su ta miƙo muku 6,066. Wannan mai sauƙin kamawa ne, kowa ya gani zai yi dariya. Wanda ke cutarwa shi ne zanen da ya fito tsaf, ya yi daidai da abin da kuke zato tun farko, oga ya gani ya jinjina kai, alhali a ƙarƙashinsa akwai ɓarna. Shi ya sa abin da nake so ku ƙware a kai shi ne komawa baya, wato daga zane zuwa layukan da suka haife shi, daga layukan kuma zuwa wurin da wani ya zauna ya rubuta su. Jan ginshiƙi da zaɓen launi mako biyu ya isa a iya su. Komawa baya kuwa sai an saba.

Duk teburin da aka ba ku, kafin ku taɓa komai ku tambayi kanku: layi ɗaya a nan mene ne? Mutum ne, ko ziyara, ko rasit, ko asibiti guda a wata guda? Ku ɗauki rajistar awon ciki. Matar da ta zo awo sau huɗu tana iya bayyana sau huɗu. Idan kuka ƙirga layuka kuka rubuta a saman zane cewa mata kaza ne suka zo awo, kun mayar da mace ɗaya ta zama huɗu. Bayanan da ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar da Gana ke tarawa a manhajar DHIS2, wadda aka gina a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, mafi yawansu jimlar wata ce da ma'aikacin asibiti ya tattaro daga rajista ya cike a fam. Layi ɗaya a can na nufin asibiti kaza a wata kaza. Wanda bai gane haka ba zai wuni yana neman amsar da teburin ba shi da ita.

Sannan ku ƙirga layukan kafin ku zuba su a manhaja, ku sake ƙirgawa bayan kun zuba. Aikin daƙiƙa goma ne, amma rashin yin sa ya taɓa jefa Ingila cikin abin kunya. A watan Oktoban 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba bai shiga lissafin hukuma ba. Dalilin kuwa ana tura sakamakon gwaji ta tsohon samfurin fayil ɗin Excel ne, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Da ya cika, sai ragowar suka zube, babu ƙararrawa, babu jan rubutu. Alƙaluman da ake nuna wa jama'a kullum suka ci gaba da fitowa lafiya lau, masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar kuma ba su samu sunayen a kan lokaci ba. Excel na yanzu yana ɗaukar layi 1,048,576. Da yawa, amma shi ma yana da iyaka.

Daga nan sai ku bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ku yi musu abin da mai sayen hatsi ke yi wa buhu a kasuwar Dawanau: ba ya yarda da na sama, sai ya soka ƙarfe ya ga na ciki. Ginshiƙin lambobi, ku jera shi daga ƙarami zuwa babba, sannan ku juya shi. Kai da ƙafa nan ne abin mamaki ke fakewa. Za ku tarar da mai shekara 999, saboda wanda ya tsara fam ɗin ya ce a rubuta haka idan ba a sani ba. Za ku tarar da jariri mai nauyin kilo 32, wanda ɗigo ne ya faɗi tsakanin 3 da 2. Ginshiƙin sunaye kuma, ku sa manhajar ta lissafo muku kowane suna da yawan fitowarsa. A nan ne za ku ga Zaria da Zariya da ZARIA da kuma wata Zaria mai ɗan fili a ƙarshe da ido ba ya gani, manhaja kuwa ta ɗauke su garuruwa huɗu ta ba kowanne sandarsa. Birnin Kudu na sama, B/Kudu na can ƙasa. Haruffanmu masu ƙugiya su ma sukan rikiɗe su koma alamar tambaya idan fayil ya ratsa kwamfutar da ba ta san su ba, sai Ɗanbatta ya rabu gida biyu. Akwai kuma kishiyar wannan, inda suna ɗaya ke ɗauke da wuri biyu. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai Nasarawa a Kano akwai ta a jihar Nasarawa, akwai Bassa a Filato akwai ta a Kogi, akwai Surulere a Legas akwai ta a Oyo. Wanda ya tara alƙaluma da sunan ƙaramar hukuma kaɗai, bai haɗa da na jiha ba, ya cakuɗe mutanen da ɗaruruwan kilomita suka raba.

Manhajar ma da kanta tana ɓata bayanai, da niyyar taimako. Lambar wayar da ta fara da sifiri, Excel zai cire sifirin idan ba ku gaya masa rubutu ba ne. Kwanan wata 03/04, ku kuna nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka ta karanta shi 4 ga Maris. Wanda ke aiki da bayanan ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi ya ƙara lura: a tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, don haka 1,250 da ke nufin dubu da ɗari biyu da hamsin a Jibiya, a can ɗaya da kwata ne. Balle a ce naira da sefa sun haɗu a ginshiƙi ɗaya babu alamar wane ne wane. Kada ku ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai abin ke kayarwa. Masana ƙwayoyin halitta suna da sunaye irin su MARCH1 da SEPT2, Excel kuwa yana gani ya mayar da su ranakun Maris da Satumba. Wani bincike na 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da irin waɗannan fayiloli. Daga ƙarshe dai a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya haƙura ya sauya su, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Abu ɗaya a cikin wannan shara ya fi sauran haɗari, shi ne gurbin da aka bari wayam. Asibitin da ya rubuta sifiri a gurbin ƙyanda yana cewa ya duba bai ga kowa ba. Asibitin da gurbinsa ke wayam bai ce komai ba: wataƙila fam ya ƙare, wataƙila ma'aikacin ya tafi hutu, wataƙila hanya ta yanke da damina ko ba ta shiguwa saboda rashin tsaro. A zane kuwa su biyun kan fito iri ɗaya, sanda a ƙasa, launi kore. Sai wurin da ya fi kowane shiga uku ya bayyana a taswira a matsayin wanda ya fi kowa lafiya, don kawai babu mai aiko da labarinsa. Duk lokacin da kuka ga adadin wata cuta ya faɗi warwas a wani yanki, ku fara duba asibitoci nawa ne suka aiko da rahoto a watan, kafin ku taya kowa murna.

Kada wannan ya sa ku zaci ina hana ku zane. Wanda ya tsaya a kan alƙaluman taƙaitawa kaɗai shi ma makaho ne. A 1973 wani masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Francis Anscombe, ya tsara ƙananan tebura huɗu, kowanne da layi 11 da ginshiƙi biyu. Matsakaicin ginshiƙin farko 9 ne a dukkansu, na biyu 7.5, ƙarfin dangantakar da ke tsakanin ginshiƙan ɗaya ne, miƙaƙƙen layin da lissafi ya ratsa ta cikinsu ma ɗaya ne. Wanda aka karanta wa waɗannan alƙaluma zai rantse tebur ɗaya ne aka maimaita. Amma da aka ɗiga su a takarda, na farko ya fito ɗige-ɗige a warwatse suna hawa sama, na biyu ya lanƙwasa ya fara saukowa, na uku ya miƙe sambal sai ɗigo guda da ya yi tsalle ya fita, na huɗu kuwa ɗigo goma ne a tsaye wuri ɗaya, ɗaya tilo can nesa shi kaɗai ya ƙirƙiro dangantakar baki ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Za ku iya samun teburan nan a intanet. Ku zuba su da hannunku ku gani, ya fi a ba ku labari.

Matsakaici musamman ku yi hattara da shi a ƙasa irin tamu. A ɗauka gidaje biyar ne a layi ɗaya, abin da ke shigo musu a wata shi ne naira 40,000 da 45,000 da 50,000 da 55,000, na biyar kuma gidan wani alhaji ne mai samun 810,000. Matsakaici zai ce kowane gida na samun 200,000, adadin da babu gida ko ɗaya da ya yi kusa da shi. Idan kuwa kuka jera su kuka ɗauki na tsakiya, 50,000 za ku samu, wanda ya fi kama da rayuwar layin. Kuɗin shiga da girman gona da bashi da kwanakin jinya duk haka suke, 'yan kaɗan a sama suna jan matsakaici. Saboda haka zanen farko da za ku yi wa kowane ginshiƙin lambobi shi ne wanda ke nuna yadda adadin ya bazu, sanduna manne da juna, kowace tana nuna layuka nawa ne suka faɗa a wannan zango. Ku gwada shi a kan shekarun mutane a wani binciken gida-gida, shekara ɗaya sanda ɗaya. Za ku ga sandunan 30 da 35 da 40 da 50 sun yi zaƙo-zaƙo, 29 da 31 da 39 sun lotse. Ba wai an fi haihuwa a waɗancan shekarun ba ne. Mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, sai su kintata, ko mai tambaya ya dube su ya kintata musu. Masana ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin wannan, har suna da ma'aunin Whipple da suke auna tsananinsa da shi. Wanda ya ga wannan zanen ya san cewa raba mutane gida biyu, 'yan ƙasa da 30 da 'yan 30 zuwa sama, yanka ne a daidai inda alƙaluman suka fi rauni.

Yanzu ga abin da ya bambanta manhajojin nan da zanen takarda, wato suna amsawa idan an taɓa su. Ben Shneiderman na Jami'ar Maryland ya tsara yadda ya kamata a bi da su tun 1996: a fara kallon abu gaba ɗaya, sannan a matso a tace, sannan a buɗe bayanin abu guda idan an buƙata. Amfanin tacewa da rarrabawa ba ƙarami ba ne, don jimla takan ɓoye abin da ɓangarori ke faɗa. A 1973 alƙaluman Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna an ɗauki kusan kashi 44 cikin ɗari na mazan da suka nemi gurbin karatun gaba da digiri, mata kuwa kusan kashi 35. Sanda biyu, ɗaya ta fi ɗaya, magana ta ƙare ke nan ga mai gaggawa. Da masana suka rarraba alƙaluman sashe-sashe, sai ba su ga wannan fifikon a yawancin sassan ba, a wasu ma mata ne ke gaba. Ashe mata sun fi neman sassan da ke da cunkoso, inda ake ɗaukar kaɗan daga kowa, maza kuma sun fi neman waɗanda ƙofarsu ke buɗe. Tambayar ba ta mutu ba, ta dai koma wani wuri: me ya sa mata ke tururuwa zuwa waɗancan sassan, me ya sa kuma sassan ba su da gurabe? Haka za ku gani idan kuka kwatanta babban asibitin koyarwa da ƙaramin asibitin unguwa a yawan mace-mace. Na koyarwa zai fi, tunda wanda ciwonsa ya gagari kowa can ake kai shi.

Sai dai tacewar nan tana da nata sharrin, kuma ba a cika gaya muku shi a bidiyo ba. Na farko mantuwa: kun tace kun bar mata kaɗai ko shekara guda kaɗai, kuka shiga wani aiki, kuka dawo kuka ɗauki hoton allo kuka aika da sunan jimlar kowa. Na biyu ya fi wannan muni, don da saninku ake yi, ko da ba ku ambata wa kanku ba. Kuna son ganin shirin da kuke wa aiki ya yi tasiri. Kun duba jimla, babu. Kun cire ƙaramar hukuma guda, babu. Kun bar damina kaɗai, kun bar 'yan ƙasa da shekara biyar, kun fara lissafi daga watan Yuni, sai ga sanda ta ɗaga. Wanda ya yanka tebur ta hanya ashirin dole ya samu guda da za ta yi masa daɗi, ko da babu komai a cikin bayanan sai sa'a. Ga kuma ƙanƙancewar adadi: kowace tacewa tana rage layuka, har ku kai inda kashi 75 cikin ɗari ke nufin mutum uku cikin huɗu. Shawarata ita ce ku ajiye ɗan littafi kusa da kwamfuta. Ku rubuta tambayarku kafin ku fara dannawa, ku rubuta kowace tacewa da kuka gwada, har da waɗanda ba su ba da komai ba. A kowane zane kuma ku sa adadin layukan da ke ƙarƙashinsa ya fito fili a wani lungu.

Taswira ita ce ta fi burge masu kallo, ita ce kuma ta fi saurin yaudara. Idan kuka rina ƙananan hukumomin Kano 44 da yawan masu wata cuta, na cikin birni za su yi jawur, saboda nan ne jama'a da asibitoci suka taru. Abin da kuka zana taswirar yawan mutane ce kawai. Sai kun raba da yawan mazauna kowane wuri kwatancen zai yi ma'ana, a nan ma da sauran rina a kaba, domin ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya tun 2006 aka yi ta, duk adadin da ake aiki da shi yanzu hasashe ne a kanta. Idan kuka ga wata ƙaramar hukuma ta yi wa kashi 130 cikin ɗari na yaranta rigakafi, to ko dai hasashen ya gaza ainihin yawan yaran, ko ana kawo yara daga maƙwabta, ko kuma an ƙara wa alƙaluman gishiri. Taswira ba za ta gaya muku wanne ne ba.

Mutumin da ya kamata ku yi koyi da shi a nan shi ne likitan nan na Landan, John Snow. Za ku sha ganin taswirarsa a darussa: titunan unguwar Soho, da ƙananan baƙaƙen sanduna a jere a ƙofar kowane gidan da kwalara ta yi kisa a 1854, sun yi cincirindo a kewayen famfon titin Broad. Annobar ta ɓarke ne a ƙarshen Agusta, cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500, a zamanin da yawancin likitoci suka yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke yaɗa cutar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne taswirar daga baya ta zo. An cire hannun famfon tun 8 ga Satumba, annobar ma ta riga ta fara lafawa. Abin da Snow ya fara yi shi ne karɓo jerin mamatan daga ofishin rajista, sannan ya bi gida-gida, kuma ya fi ba da ƙarfi a kan layukan da suka ƙi bin ra'ayinsa. Akwai mutum goma da suka mutu a gidajen da suka fi kusa da wani famfon daban. Ya je ya tambaya. Iyalan biyar suka ce ai su kullum titin Broad suke aikawa a ɗebo musu, sun fi son ruwan can. Uku kuma yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon. Akwai gidan gajiyayyu a tsakiyar unguwar mai mutum 535, amma biyar kacal suka mutu, ya bincika ya tarar suna da rijiyarsu. Akwai masana'antar giya a kan titin mai ma'aikata fiye da 70 da cutar ba ta kashe ko ɗaya ba, su ma ba sa shan ruwan famfon. Sai kuma wata bazawara can Hampstead, nesa da unguwar, da ta mutu da kwalara alhali babu annoba a inda take. Ashe tsohuwar mazauniyar yankin ce, kullum ana kai mata kwalbar ruwan famfon a amalanke saboda ta saba da ɗanɗanonsa. 'Yar ɗan'uwanta da ta kai mata ziyara ta sha, ita ma ta rasu.

Da a ce ɗayanku aka ba wa teburin nan a yau, ina tsoron matar Hampstead ce za a fara sharewa, a ce ɗigo ne da ya kauce yana ɓata zane. Ita ce kuwa hujja mafi ƙarfi, domin iskar Soho ba ta kai gare ta ba, ruwan ne ya kai. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗigon da ya ware, ku ɗora masa kibiya ku buɗe layinsa. Idan kuskuren rubutu ne ku gyara, ku rubuta cewa kun gyara. Idan ba ku gane ba, ku ɗaga waya ku kira wanda ya cike fam ɗin, ko ku je da ƙafarku. Ma'aikaciyar da ke riƙe da rajista ta san dalilin da ya sa watan Agusta ya yi tsalle, kuma da wuya a ce wani ya taɓa tambayarta.

Batun gabatarwa ba zan tsawaita ba. Zanen sanduna ya fara daga sifiri, in ba haka ba 52 da 48 za su fito ɗaya ta ninka ɗaya. Da'irar da aka yanka gida goma sha biyu babu mai iya karanta ta, ku mayar da ita sanduna a jere daga babba zuwa ƙarami. Ja da kore kada su zama su kaɗai ne ke rarrabe abu, don akwai mutane da dama, galibi maza, da idonsu ba ya bambance su. Taken zane ya faɗi abin da aka gano, ƙarƙashinsa a rubuta inda bayanan suka fito da lokacinsu. Ku tuna kuma yawancin masu kallon aikinku a waya za su gan shi, hoto ne da aka tura ta WhatsApp, babu abin dannawa. Duk bayanin da kuka ɓoye sai an ɗora kibiya ya fito, su ba za su taɓa ganinsa ba.

Akwai ranar da wanda ya fi ku muƙami zai tsaya a bayanku ya ce a cire wancan watan, ko a fara zanen daga inda abin ya fara hawa. Ba sai kun yi rashin kunya ba. Ku ce, “Ranka ya daɗe, ga shi yadda ka ce, ga kuma cikakken, idan masu ba da tallafi suka nemi teburin wannan za su gani.” Akan nema kuwa. A 2010 manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa, bunƙasarsu kan durƙushe, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, da aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin ya kasa samun amsarsu, ya roƙi fayil ɗin suka ba shi. Cikin matsalolin da ya gano har da cewa wajen fitar da matsakaici ba a ja zaɓin ya kai ƙarshen layuka ba, ƙasashe biyar cikin 20 sun zube. Ku lura, ƙarami ne ya duba aikin manya, da ladabi, su kuma suka miƙa masa teburinsu. Ku ma ku saba da miƙa naku ga abokin aiki ya duba kafin ya fita. Amma teburin da ke ɗauke da sunaye da lambobin waya da cututtukan mutane amana ce, ku cire waɗannan ginshiƙan kafin ku ɗora shi a wata manhaja ta intanet ko ku saka shi cikin ayyukan da kuke nunawa wajen neman aiki. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Wajen gwaji kuma, ku rage dogaro da teburan darasi da aka riga aka wanke, irin na fasinjojin jirgin Titanic da kowa ke maimaitawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci, Hukumar Abinci ta Duniya ma tana da teburin farashin kasuwannin Najeriya da Nijar da kowa zai iya saukewa kyauta. Ku ɗauki gero ko masara, ku zana farashin wata-wata na shekaru da dama, ku ga ko yana sauka da kaka yana hawa da bazara zuwa tsakiyar damina yadda kuka sani. Ku duba ginshiƙin ma'auni da kyau, don wani layin na kilo ɗaya ne, wani na buhu. Sannan ranar kasuwa ku ɗauki adadin watan ƙarshe ku je wurin mai awo ku tambaye shi nawa tiya take, ku sa a ɗora muku tiyar a kan sikeli don ku san kilo nawa ce a wannan kasuwar, tunda mudun wani gari ba na wani ba ne.